Filin Mata: Gicciyen da Ke Wuyan Maƙwabciyarki

Zancenmu na wannan mako a kan wani ɗan ƙaramin abu ne wanda kowaccenku ta sha gani. In kin shiga kasuwar Gusau, ko kin kai yaro awo asibiti a Tsafe ko Bunguɗu, mai yiwuwa ne ki haɗu da wata mace da ɗan ƙarfe rataye a wuya, sanda ɗaya a tsaye, ɗaya ta gitta ta. Shi ne gicciye, alamar addinin Kirista.

Mu malaman makaranta mukan ji abin da yara ke faɗa a kansa. Wata ta ce laya ce. Wata ta ce gunki ne da ake yi wa sujada. Wata kuwa ta ce ado ne kawai, kamar 'yan kunne. Daga irin wannan sai gori ya shigo, daga gori sai kuka, har magana ta kai ga iyaye. Rashin sani ya fi dare duhu. Saboda haka bari mu ji abin da masu shi ke nufi da shi.

Asalinsa dai gicciye ba abin ado ba ne ko kaɗan. Itacen kisa ne. Romawa, waɗanda suka mallaki ƙasar Falasɗinu a zamanin da, a kansa suke kashe bayi da 'yan fashi da masu yi wa sarauta tawaye. Akan yi wa mutum bulala, a sa shi ya ɗauki gungumen zuwa bayan gari, a ɗaure shi ko a kafe shi da ƙusoshi, a bar shi a rana jama'a na kallo har ransa ya fita. Mutuwar wulaƙanci ce, har ba a cika yi wa ɗan asalin Roma ita ba.

To, Linjila, watau littattafan Matiyu da Markus da Luka da Yahaya, ta ba da labari cewa haka aka yi wa Yesu Almasihu, wanda Musulmi ke kira Annabi Isa ɗan Maryamu. An yi wannan a bayan birnin Ƙudus, a wani wuri mai suna Golgota, ran wata Jumma'a, a zamanin gwamna Bilatus wanda ya yi mulki daga shekara ta 26 zuwa ta 36. Da nauyi ya yi yawa a hanya, sojoji suka tilasta wa wani baƙo mai suna Saminu ya ɗauki gungumen. Shi kuwa mutumin Kurane ne, wani gari a ƙasar da ake kira Libiya yau, watau ɗan Afirka ne kamarmu.

Yaya aka yi itacen kisa ya zama abin da mace za ta rataya a wuya da murna? Amsar Kirista ita ce fansa. Sun gaskata cewa zunubi ya raba mutum da Allah, kuma ba wanda zai iya biyan wannan bashi da aikin kansa. Ki ɗauka wata ta ci bashin da ko ta sayar da gadonta da kwallayenta da tasoshinta duka ba za ta iya biya ba, sai ga wani wanda ba a bin sa ko anini ya zo ya biya mata, ya yage takardar. Haka Kirista ke ganin mutuwar Yesu: marar laifi ya ɗauki hukuncin masu laifi da yardar ransa, domin Allah yana ƙaunar 'yan Adam. Duk sa'ad da maƙwabciyarki ta taɓa gicciyenta, tana tuna wa kanta ne cewa an gafarta mata, kuma gafarar ba da araha ta samu ba.

Labarin bai tsaya nan ba. Kirista sun gaskata cewa a rana ta uku, watau Lahadi, ya tashi daga matattu. Dalili ke nan suke zuwa majami'a ran Lahadi, suke kuma yin Idin Ista kowace shekara. Nan ne za ki gane bambancin gicciye iri biyu da kike gani. Na 'yan Katolika yawanci da siffar Yesu a kansa, don a tuna wahalar da ya sha. Na ECWA da Baftis da sauransu yawanci itace ne kawai ba kowa a kai, don a nuna ba ya can, ya tashi. Duka biyu labari ɗaya suke bayarwa, wani ya fi duban Jumma'a, wani ya fi duban Lahadi.

Ga wani abu kuma da ya shafe mu mata. Linjila ta nuna cewa da aka kama Yesu almajiransa maza suka watse, har babbansu Bitrus ya yi musun saninsa sau uku. Amma mata suka bi shi har wurin kisa. Uwarsa Maryamu tana tsaye kusa, da Maryamu Magadaliya da waɗansu. Yana cikin azaba ya danƙa uwarsa a hannun wani almajiri don ya riƙe ta. Mata ne kuma suka yi sammako zuwa kabari da kayan ƙanshi, su ne suka fara kawo labarin tashinsa. Wadda ta taɓa kwana a zaune tana jinyar ɗa ba ta bukatar a fassara mata wannan tsayuwa.

Kirista na farko ba su cika nuna gicciye a fili ba, gama ana tsananta musu, sukan zana kifi a maimakonsa. Sai bayan shekara ta 312, da Sarkin Roma Kustantin ya karkata ga addinin, aka daina kisa a kan gicciye a mulkinsa, alamar ta hau kan majami'u. A nan wajenmu kuwa, jirgin ƙasa da ya iso Gusau ya kawo ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu, da yawansu Kirista, suka zauna a Sabon Gari. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki duka da Hausa. A 1956 waɗansu mata 'yan Katolika na ƙungiyar Dominikan suka zo Gusau daga Amurka, suka kama aikin koyarwa da jinya. Kin ga ashe gicciye ba baƙon jiya ba ne a garin nan, ya ga kakanninmu.

In kin lura za ki ga 'yar Katolika, kafin ta ci abinci ko ta fara jarrabawa, ta taɓa goshi, da ƙirji, da kafaɗar hagu, da ta dama. Gicciye ta zana a jikinta, addu'a ce ta buɗe. Kafin Ista kuma suna da azumi na kwana 40, wanda ke farawa ran Larabar Toka, ranar da ake shafa musu toka a goshi da siffar gicciye don su tuna daga ƙasa suka fito, can za su koma. Kowace Jumma'a ta azumin sukan bi matakai 14 na hanyar gicciye suna addu'a. In kin ga abokiyar zamanki da toka a goshi, kada ki ce mata ta je ta wanke fuska.

Akwai kuma ɗaukar gicciye, wanda za ki ji a bakin matan Zumunta in suna yi wa juna ta'aziyya. Yesu ya koya wa mabiyansa su yarda da shan wuya saboda gaskiya, su kuma yafe, yadda shi ya roƙa wa masu kashe shi gafara. Masifar 'yan bindiga da ta addabi ƙauyukan Tsafe da Bunguɗu a shekarun nan ta bar gwauraye da marayu da yawa a ƙasar Zamfara. Musulma takan jingina da haƙuri da tawakkali, Kirista takan dubi gicciye, ta ce Ubangijinta ya san zafi tun da shi ma ya ɗanɗana. Amma fa ɗaukar gicciye ba naɗe hannu ba ne. Mai ciwo a kai ta asibiti, wadda ake zalunta a tsaya mata.

Yanzu ga gaskiyar da ba za mu ɓoye ba. Musulmi ba su yarda an gicciye Annabi Isa ba. Alƙur'ani, a Suratun Nisa'i aya ta 157 da ta 158, ya koyar cewa ba a kashe shi ba, Allah ya ɗauke shi zuwa gare Shi. Wannan bambanci babba ne, kuma ba a bakin rijiya ko a ɗakin kwanan 'yan makaranta za a warware shi ba. Sanin abin da maƙwabciya ta gaskata bai sa kin bar naki ba, sai dai ya hana ki yi mata ƙage.

Saboda haka ga shawarata. Ke uwa Musulma, ki hana 'ya'yanki fizgar gicciyen wata ko yi masa ba'a, yadda ba ki so a taɓa allonsu ko carbinki. Ke uwa Kirista, ki koya wa 'yarki ma'anar abin da kika rataya mata, don in an tambaye ta ta amsa da ladabi, kuma halinta ya yi daidai da shi, gama gicciye a wuya da zagi a baki ba su dace ba. Ku kuma 'yan makaranta, in ba ku gane ba ku tambaya, matambayi ba ya ɓata.

Allah ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, amin. Sai mako mai zuwa.