Wa Ya Sauya Mudun Barci?

A shekarar 2025 kamfanin Fitbit, wanda Google ya saye a 2021, ya sauya lissafin da agogunansa ke auna barci da shi. Sai ga masu ɗaura agogon suna kuka: mutum ya kwana yadda ya saba, gari ya waye an ƙara masa mintocin farkawa, an zabge masa maki. Kamfanin ya ce sabon awon ya fi daidai. To, madalla! Ashe duk shekarun da jama'a suka yi suna zuba kuɗinsu, da mudun ƙarya ake yi musu awo? Mai awon da ya sauya mudu da tsakar dare ba da sanin mai saye ba, kowa ya san sunansa a kasuwa.

Amma su ma masu kukan ina da magana da su. Agogon nan bai taɓa ganin barci ba. Motsin hannu da bugun zuciya yake ji, sauran kuwa kintace ne. Likita in zai tantance matakan barci, wayoyi yake liƙa wa mutum a ka, ya karanci aikin ƙwaƙwalwa. Wai baligi mai hankali ya tashi garau, sa'an nan ya dubi wuyan hannunsa, maki 68 su sa masa kasala!