Masaukin Ƙasaita Na Japan: Su Wa Ke Ɗauke Da Nauyin Karramawa?

Matafiyan da suka komo daga ƙasar Japan da wuya su ƙare ba da labari ba su yabi wani irin masauki na gargajiya da mutanen ƙasar ke kira riyokan ba. A irin wannan masauki baƙo kan tuɓe takalmi tun daga bakin ƙofa, ya taka lallausar tabarma mai suna tatami, a miƙa masa doguwar rigar auduga ta shan iska, ya yi wanka da ruwan zafi mai ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin ƙasa. Da magariba sai a kawo masa abinci har ɗaki, akushi bayan akushi, kowanne da ɗan abin da ƙasa ko teku ke bayarwa a wannan lokaci na shekara, daga bisani a kau da tebur a shimfiɗa masa katifa a ƙasa. Ana lissafa kuɗin ne kan kowane mutum, kwana ɗaya da abinci biyu, kuma a manyan gidaje na ƙasaita ba abin mamaki ba ne a caji mutum guda yen 50,000 ko ma 100,000.

To, mene ne mutum ke saye da wannan maƙudan kuɗi, tunda ɗakin kusan fanko yake, ban da ɗan tebur da matasai da fure guda a kusurwa? Abin da yake saye shi ne lokaci da hankalin wani ɗan'adam. Kowane ɗaki yana da ma'aikaciyar da ake kira nakai, wadda ke tarbar baƙo, ta zuba masa shayi, ta lura da hannun da yake ci da shi da abin da ya rage a akushi, domin ta gyara kafin ya buɗe baki. Bisanta akwai okami, wato uwargidan masauki, wadda sau da yawa matar mai gida ce ko 'yarsa. Wannan hali na gane bukatar baƙo tun bai faɗa ba shi ake kira omotenashi, kalmar da duniya ta riƙe tun 2013, sa'ad da Christel Takigawa ta jingina jawabinta a kanta a birnin Buenos Aires wajen nema wa Tokiyo izinin shirya wasannin Olamfik. Masu iya magana sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. A riyokan an haɗa duka biyun, an kuma yanka musu farashi.

Sana'ar daɗaɗɗiya ce. Masaukin Keiunkan na lardin Yamanashi yana danganta asalinsa da shekarar 705, kundin Guinness kuma ya amince da shi a 2011 a kan shi ne otal mafi tsufa a duniya. Dokar 1635 da ta tilasta wa sarakunan larduna kai da kawowa tsakanin ƙasashensu da birnin Edo ita ta cika hanyoyi da masaukai, har hanyar Tokaido kaɗai tana da zango 53. Amma daɗewa ba ta hana lalacewa. A 1980 akwai riyokan fiye da 80,000 a Japan. Kafin 2017 ba su kai 40,000 ba. Shi kansa Keiunkan, bayan zuriya 52, a 2017 manajansa ne ya karɓi ragama saboda rashin magaji a cikin gida.

Ba rashin baƙi ne ke damun sana'ar ba, domin a 2024 mutum fiye da miliyan 36 suka shiga Japan daga waje. Hannun da zai yi aikin ne ke ƙarewa, kuma dalilin a fili yake ga wanda ya dubi yinin nakai. Takan tashi da sassafe ta kai karin kumallo, ta raka masu tafiya har bakin ƙofa tana sunkuyawa sai motarsu ta ɓace. Da hantsi a sallame ta na wasu sa'o'i waɗanda ba a biya, kuma ba su isa ta yi wata hidima ta kanta ba. Da la'asar ta komo ta tarbi sababbin baƙi, ta yi ta durƙuso da miƙewa cikin kimono da faranti a hannu har dare ya yi. Ƙididdigar Ma'aikatar Lafiya da Ƙwadago ta Japan ta daɗe tana nuna cewa sashen masaukai da gidajen abinci yana sahun ƙarshe wajen albashi, kuma kimanin rabin matasan da suka shige shi daga jami'a kan bar aikin kafin shekara uku. Ga shi kuma ba al'adar ƙasar ba ce a dogara da tukuici.

Saboda haka masu kukan tsadar riyokan na ƙasaita sun ɗauko zancen ta inda bai dace ba. Gidan da ke da ɗaki 18 kacal, kamar Tawaraya na birnin Kiyoto mai shekara wajen 300, ba shi da hanyar biyan masu dafa abinci da masu gyaran lambu da nakai sai daga aljihun 'yan baƙin da yake ɗauka. Abin tambaya shi ne ko kuɗin yana isa hannun mai ɗaukar faranti. Akwai kuma haɗari a yawan kiran omotenashi "halin mutanen Japan", kamar da shi aka haife su, domin abin da aka ce hali ne, ba a ganin wajibcin biyansa. Alhali kuwa ƙwarewa ce da ake koyo shekara da shekaru, kamar ta ƙira ko ta jinya.

Gidajen da suka gane haka su suka yi fice. Kagaya na yankin Noto, wanda masu sana'ar yawon buɗe ido suka zaɓa a matsayin na ɗaya shekara 36 a jere, ya sa na'urar da ke kai abinci daga kicin zuwa kowane bene domin nakai ta huta da ɗauko kaya ta tsaya wa baƙo, a 1986 kuma ya buɗe gidan kwana da wurin reno domin ma'aikata masu 'ya'ya. Girgizar ƙasa ta 1 ga Janairu, 2024 ta lalata gine-ginensa har ta tilasta rufe shi, amma darasin bai rushe ba. Kamfanin Hoshino ya bi wata hanya dabam: ya koya wa ma'aikaci guda ayyuka da yawa, daga tarbar baƙi zuwa gyaran ɗaki, domin yininsa ya tafi a jere ba tare da waccan sallama ta tsakar rana ba. Da wannan tsari ya buɗe Hoshinoya a tsakiyar Tokiyo a 2016, dogon bene mai ɗaki 84, inda har yanzu sai an tuɓe takalmi a ƙofa. Masu ra'ayin riƙau na cewa wannan otal ne ya sa kimono. Ko da hakan ne, ya fi gidan gargajiya na ainihi da aka garƙame da kwaɗo.

Shi ma baƙo yana da nasa kaso. Wasu sun ɗauki ladabin ma'aikaci a kan izinin cin zarafi, har ta kai a 2023 aka gyara dokar masaukai domin mai gida ya iya ƙin karɓar wanda ke maimaita bukatun da suka wuce kima. Tun Afrilu na 2019 kuma gwamnati ta buɗe ƙofar sana'ar ga ƙwararrun ma'aikata daga waje, ta yadda mai zuba shayi a yau tana iya zama 'yar Biyetnam ko Nefal da ta koyi harshen da durƙuson daga farko.