Babur Marar Birki Ya Fi Namu Hankali

Kwana uku bayan ya kaɗe 'yar maƙwabcinmu a ayarin rakiyar ango, ɗan ƙanwata ya miƙo mini wayarsa. Wasu Turawa ne huɗu suke kewaya fili a kan babura, ƙasa na tashi a bayansu. Ya ce, "Kawu, dubi waɗannan, ko birki ba su da shi, kuma tafi ake yi musu. Mu in mun ɗan taɓa sai a ce mun lalace." A lokacin yarinyar tana kwance a asibiti a Sinnar da karaya a cinya. Shekarunta bakwai.

Ban tsaya a faɗa ba, na je na bi diddigin wasan da ya kafa hujja da shi. Tseren ƙasar Denmak ne, kuma gaskiya ya faɗa: babur ɗin ba shi da birki, giyarsa ɗaya, injinsa 500cc, da methanol yake tafiya ba fetur ba. Mutum huɗu ke fita, su yi zagaye huɗu cikin kamar minti ɗaya, na farko ya ci maki uku, na biyu biyu, na uku ɗaya, na ƙarshe ya tashi a tutar babu. Kakarsu tana farawa idan sanyi ya ja baya, ta ƙare kafin ya dawo, ƙungiyoyin garuruwa suna karawa da juna.

Abin da yaron bai gani ba shi ne abin da ke kewaye da babur ɗin. Fili ne killatacce, babu akuya, babu tsohuwa mai ɗauke da itace, babu yarinya da ta fito kallon amarya. Kowane mahayi yana da hular kwano da rigar kariya, ga shinge mai iska a kwana, ga alƙali mai ikon tsayar da tsere nan take, ga motar asibiti a tsaye. Tun suna yara suke koyo a kan ƙananan babura, mataki-mataki. Ole Olsen, wanda ya ci kambun duniya a 1971 da 1975 da 1978, da ya so wasan ya bunƙasa a ƙasarsa fili ya gina a garin Vojens, bai ce a bi lunguna da gudu ba. Duk da wannan tanadi, Erik Gundersen, zakaran duniya sau uku, ya faɗi a Bradford ta Ingila a 1989, ya ji rauni a laka, daga nan bai sake tsere ba. To idan wannan ne makomar gwani a filin da aka shirya, me muke tsammani ga yaro mai silifa a kan gaɓar tur'a?

Su sun cire birki daga babur sun ɗora shi a kan doka. Mu baburanmu na da birki, mu ne ba mu da shi.

Ba samarin nake tuhuma da farko ba. Yaro ɗan shekara goma sha shida ba shi ya sayi babur ba. Uba ne ya sayar da amfanin hawasha, ko yaya ya aiko da kuɗi daga Saudiyya, aka ce a samu abin kai kaya kasuwa da zuwa gona. Ranar biki kuma iyaye mata ne ke rangaɗa guɗa idan ya ɗaga ƙafar gaba, dattawa na zaune a inuwa suna murmushi, ana cewa bikin wane ya yi armashi, babura talatin suka raka shi. Idan aka yi ɓarna sai a tara mu, a sha shayi, a ce ƙaddara ce, a yafe don zumunci. Na yi imani da ƙaddara. Amma wanda ya saki raƙuminsa ba dabaibayi ba tawakkali ya yi ba, sakaci ya yi. Wannan yafiyar ta dole, wadda ake matsa wa uban yarinya ya furta don kada a ce ya ɓata dangi, ita ce ke ba yaro na gaba lasisi.

Wasu za su ce, ana yaƙi kana zancen babur? Saboda yaƙin ma nake magana. Tun Afrilun 2023 asibitocin ƙasar nan suke cikin wahala, Wad Madani da muke dogaro da ita ta faɗa hannun mayaƙa a Disambar wannan shekarar, ba a ƙwato ta ba sai Janairun 2025. Karayar da a da ake ɗaurewa cikin kwana ɗaya yau tana iya zama gurgunta ta har abada. Kakanninmu sun taso bayan yaƙin Burmi na 1903, suka ratso dubban mil da ƙafa har suka kafa Mai Wurno a bakin kogi. Jama'ar da ta tsira daga wannan, ta tsira daga rikicin 2022, ba ta da 'ya'yan zubarwa a wasan banza.

Ba na cewa a ƙwace babura, domin su ne jakunanmu na yau. Abu uku nake nema daga shehunan ƙauyuka da limamai. Ayarin ango ya yi tafiyar raksha, wanda ya wuce haka a sauke shi a gaban jama'a. Wanda ya ji wa wani rauni, gidansu ya biya magani har ƙarshe kafin a yi zancen yafiya. Samarin da jininsu ke tafasa kuma, a ware musu fili bayan girbi, nesa da gidaje, ba mai shiga sai da hular kwano da izinin ubansa.

Ɗan ƙanwata ya sayar da babur ɗin, kuɗin sun tafi asibiti. Ni na sa shi, kuma har yau uwarsa ba ta gaishe ni da sakin fuska. Yarinyar ta fara takawa da sanda.