Allon kwamfuta: a tambayi mai zama gabansa

A yau da wuya mutum ya shiga biron gwamnati, daga Yamai har Damagaram, bai tarar da kwamfuta ba. Takardar haihuwa, lissafin albashi, takardar lanho, duk da ita ake rubuta su. Amma in aka tashi saye, ƙarfin injin kaɗai ake dubawa. Allon kuwa, wanda ma'aikata ke kira ekran, sai a ɗauko mafi araha. A ganinmu wannan kuskure ne. Magatakarda ba cikin injin yake kallo ba, allo yake kallo tun safe har tashi daga aiki. Ido in ya gaji, sai sifiri ya ɓace cikin lissafi, ko a ɓata sunan yaro a takarda, ubansa ya yi ta zirga-zirga daga ƙauye don gyara.

Aikin biro ba ya bukatar allo mai tsada irin na masu wasanni. Na inci 24, wato wajen santimita 61 daga kusurwa zuwa kusurwa, mai ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye, ya isa a buɗe takardu biyu gefe da gefe. A guji mai fuska mai sheƙi, domin hasken ranarmu na shigowa ta taga ya maishe shi madubi. A nemi wanda wuyansa ke hawa da sauka, yadda bakinsa na sama zai daidaita da ido, a kuma aje shi nesa da fuska kamar tsawon hannu. Kafin a biya kuɗi, a duba bayan injin: tsofaffi da yawa kafar VGA gare su, sababbi kuwa HDMI. Allon da bai dace da injin ba, ƙurar hunturu kawai zai sha cikin sito.

Saboda haka muna kira ga shugabannin ma'aikatu: kafin ku sa hannu a takardar saye, ku tambayi wanda zai zauna gaban allon. Kada babban allo ya tafi biron darakta don ado, mai buga takardu ya rage da ƙarami. Kuɗin ƙasa gumin talaka ne, idon ma'aikaci kuma ba a sayar da shi a kasuwa. Allah ya sa mu gane.