MAJIGIN SIYASA: YANA JUYA ZUCIYAR MAI ZAƁE KUWA?

Jama'a, 'yan'uwana mazauna Kudu. Yau zancenmu a kan wani baƙo ne wanda ba ya makara duk lokacin da zaɓe ya ƙarato a ƙasar nan, wato fim ɗin tonon asiri. Ba fim ɗin wasan kwaikwayo nake nufi ba, wanda kowa ya san ƙirƙira ce. Ina nufin wanda ake tattaro tsofaffin hotuna da takardu da hirarraki na gaske, a jera su yadda ake so, a sami wani mai kakkausar murya yana bayani a kai, sa'an nan a ce wa jama'a ga ainihin tarihin wane ku guje shi, ko kuwa ga aikin wane ku bi shi. Ni dai majigin siyasa nake kiransa. Ana kashe masa kuɗi masu yawan gaske. To, yana juya ra'ayin mai kallo kuwa? A ganina da wuya ya raba mutum da jam'iyyarsa, amma akwai wani aiki dabam da yake yi, kuma mu baƙi aikin nan ya fi shafa.

Abin ba sabo ba ne gare mu 'yan Arewa. A 1939 ne Turawan mulkin mallaka suka kafa wani sashe na musamman na yi wa ƙasashen da suke mulka fim, kuma iyayenmu sun ba mu labarin motar majigi da takan zo gari, a kafa farin ƙyalle a fili bayan magariba, mai fassara yana ta bayani da lasifika kan tsabta da noman gyaɗa da auduga. Da mulki ya dawo hannun 'yan ƙasa, Gwamnatin Jihar Arewa ta ci gaba da motocin, ana nuna rangadin Sardauna da ayyukan gwamnati. Filin yakan cika maƙil. Amma tsofaffin 'yan NEPU za su gaya maka cewa da su ake kallon, kuma in an tashi kowa ya koma gida da Sawabarsa a zuciya.

Mu dawo kusa. A farkon 2015, ana shirin zaɓen shugaban ƙasa, gidan talabijin na AIT ya yi ta maimaita wani fim a kan Janar Muhammadu Buhari, inda aka tono zamanin mulkinsa na soja na 1984 da 1985. A watan Maris kuma aka fito da wani mai suna Lion of Bourdillon a kan Bola Tinubu, jigon jam'iyyar APC a ƙasar Yarbawa. Tinubu ya kai ƙara kotu a Ikeja yana neman diyyar Naira biliyan 150, kuma a watan Fabrairu na 2016 gidan talabijin ɗin ya fito ya nemi gafararsa aka sasanta.

Na kalli na Buhari a teburin wani mai shayi a Agege. Da aka gama, sai wani dattijo mai sayar da goro ya dube ni ya ce, "Yaro, duk abin da suka faɗa ɗin nan, ai saboda shi muke son mutumin." Wani matashi Bayarabe da ke gefe, wanda dama ba ya ƙaunar Janar ɗin, ya girgiza kai ya ce, "Baba, ai kun dai gani da idonku." Fim ɗaya, akwati ɗaya, benci ɗaya, kuma kowannensu ya tashi yana ganin an gaskata shi.

Ranar 28 ga Maris aka jefa ƙuri'a. Buhari ya sami fiye da miliyan 15, Shugaba Goodluck Jonathan ya sami ƙasa da miliyan 13. A Kano Buhari ya kwashi kusan miliyan 2. A Jihar Ribas Jonathan ya kwashi kusan miliyan ɗaya da rabi. Ikko kuwa, inda aka fi ko'ina yawan akwatin talabijin, kuma inda Jonathan ya ci a 2011, sai ta koma wa Buhari da jam'iyyar Tinubu. In da majigi yana juya ƙuri'a, ai a Ikko ya kamata a fara gani.

Kada wani ya ce wannan halin 'yan Nijeriya ne kawai. A Amurka, a 2004, wani mai shirya fim, Michael Moore, ya fito da Fahrenheit 9/11 don ya kayar da Shugaba George Bush ƙarami saboda yaƙin Iraƙi. Fim ɗin ya ci babbar kyauta a bikin finafinai na Kan a Faransa, ya tara sama da dala miliyan 200 a duniya. A watan Nuwamba na shekarar Bush ya sake cin zaɓe. A 2012 ɗaya ɓangaren su ma suka yi nasu a kan Barack Obama, mutane suka yi tururuwa zuwa silima, shi ma ya sake ci. Tun kafin wannan ma, a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, rundunar sojan Amurka ta sa Frank Capra ya shirya finafinai bakwai don a fahimtar da sababbin sojoji dalilin yaƙin. Sai aka sa masana su auna tasirinsu, suka buga sakamakon a 1949. Abin da suka tarar shi ne sojojin da suka kalla sun ƙaru da sanin abubuwan da suka faru, amma himmarsu ta zuwa fagen fama ba ta ƙaru da wani abin a zo a gani ba. Wato dai fim ya cika musu kai da labari, zuciya kuwa tana nan inda take.

Me ya kawo haka? Da farko, wa yake zama ya kalli majigin siyasa har ƙarshe? Galibi wanda dama ya yarda da shi. Wanda ake zagin gwaninsa yakan murɗa akwatin zuwa wata tasha, ko kuwa ya zauna yana ƙirga ƙaryar da ke ciki. Na biyu, mutanenmu ba yara ba ne. Kafin su tambayi me aka ce, sai sun tambayi wa ya biya, kuma da zarar an gane mai kuɗin, to ko gaskiyar da ke cikin fim ɗin ta sha ruwa. Na uku, wanda ya fi duka, siyasa a wurinmu zumunci ce. Mutum yana jam'iyya tare da mahaifinsa da maigidansa a kasuwa da abokan zamansa a majalisa. Barin ta tamkar barin su ne, kuma fim na awa ɗaya bai isa ya tsinka igiyar shekara ashirin ba. Hausawa sun ce so hana ganin laifi. Ƙi ma haka yake, yana hana ganin alheri.

Wani zai ce, to ashe fim ba ya taɓa gyara komai? Yana gyarawa mana. Ku tuna da fim ɗin da BBC ta fitar a ƙarshen Afrilu na 2018 a kan yadda matasanmu suke shan maganin tari mai kodin, wanda aka ɗauki wani sashensa a Kano. Ba a yi kwana biyu ba Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar hana shigo da shi da haɗa shi. A 2019 kuma aka yi wani a kan malaman jami'a masu neman 'yan mata da maki, aka dakatar da waɗansu a Jami'ar Ikko. Bambancin a fili yake. Waɗannan sun nuna wa mutane abin da ba su taɓa gani da idonsu ba, kuma ba wanda aka ce ya bar jam'iyyarsa kafin ya yarda. Uban da ya ga yaro ɗaure da mari saboda kodin, ɗansa ya tuna, ba wata tuta ba.

To yanzu ga inda gizo yake saƙa. Masu biyan kuɗin majigin siyasa ba wawaye ba ne, sun san ba za su musuluntar da kowa ba. Abin da suke nema shi ne su zuga nasu su fito ranar zaɓe da zafin rai, su sanyaya gwiwar masu shakka su zauna a gida, su kuma tsorata wanda ke tsakiya. Tsoro kuwa ba ya tsayawa a kan ɗan takara, yakan gangaro kan mutanensa.

A 2018 jaridun Ingila suka bankaɗo cewa wani kamfani mai suna Cambridge Analytica ya yi wa ɓangaren masu adawa da Buhari aiki a zaɓen 2015, da kuɗin wani attajirin Nijeriya. Wani tsohon ma'aikacin kamfanin, Christopher Wylie, ya ba da shaida a gaban kwamitin Majalisar Ingila a kan wani ɗan fim da aka yaɗa a intanet, cike da hotunan kisan gilla, ana nuna cewa in Buhari ya ci za a ƙaƙaba wa kowa shari'ar Musulunci da ƙarfi. Fim ɗin bai hana Buhari ci ba. Amma ku yi tunani, mutumin Inugu ko Fatakwal da ya kalli wannan da dare, gari ya waye ya fito, ba Buhari zai gani a ƙofar gidansa ba. Maigadi zai gani, da mai shayi, da mai gyaran takalmi, da ɗan acaɓa, wato ni da kai. Ƙuri'arsa tana nan yadda take, amma kallon da yake yi wa maƙwabcinsa ya sauya.

Ban ce fim ne ya haddasa rikicin kasuwar Mile 12 a 2016 ko na kasuwar Shasha a Badun a 2021 ba. Kowanne da sanadinsa. Amma wuta ba ta kama ɗanyen itace da sauri, sai wanda aka daɗe ana shanyawa, kuma irin waɗannan finafinai shanya suke yi.

Kuma in za mu faɗi gaskiya mu faɗe ta duka. Namu ma suna yi. Yau ba sai da gidan talabijin ba, yaro da wayar hannu zai yanko hoton wata tsohuwar tarzoma, wata ma ba a ƙasar nan aka yi ta ba, ya ɗora murya da Hausa, ya turo ta WhatsApp cewa ga abin da ake yi wa 'yan Arewa a Kudu. Wanda zai ɗanɗana kuɗar wannan shi ne mai shago a Sabon Garin Kano, baƙo kamarmu. Ba mu manta da 2011 ba, lokacin da tarzomar bayan zaɓe ta ci rayuka fiye da 800 a Arewa, har da matasa masu bautar ƙasa a Bauchi. Wanda ya san zafin a yi masa kuɗin goro bai kamata ya yi wa wani ba.

Saboda haka shawarata gajeriya ce. In an turo maka irin wannan fim, ko an kunna shi a majalisa, tambayi wa ya yi shi, wa ya biya, kuma don me sai yanzu. Gaskiya ne gani ya kori ji, amma ka tuna abin da mai kyamara ya zaɓa kake gani, abin da ya yanke ya zubar ba za ka gan shi ba. In fim ya zargi ɗan takara da cin kuɗi, nemi shaidar. In kuwa ya wuce ɗan takara ya koma kan ƙabilarsa ko addininsa, to kada ya wuce ta wayarka, ko da gwaninka yake yi wa aiki. Sarakunan Hausawa na Sabo da Agege da Idi-Araba da Anacha, da limamai da shugabannin kasuwa, ya kamata su riƙa jan kunnen matasa tun kafin guguwar zaɓe ta taso. Ɗan takara in ya faɗi zai tafi kotu, in ya ci zai tafi Abuja. Mu kuwa a nan za mu kwana, a nan za mu buɗe shago gobe.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya mai da kowane baƙo gida da alheri, amin.