Fadar Turnblad ba ita ce labarin ƙaurar ba

Wanda ya shiga gidan tarihin 'yan Suwidin mazauna Amurka da ke Minneapolis, dukiya ce za ta fara cika masa ido. Gini ne na dutse mai ɗaki 33, katakonsa ya sha sassaƙa, ga murhun tangaran har 11 na ɗumama ɗaki da aka kawo daga Suwidin. Mai gidan, Swan Turnblad, ya iso Amurka yana yaro a 1868, ya yi kuɗi da jaridar da ake bugawa da harshen ƙasarsu, ya gama ginin a 1908, ya sadaukar da shi a 1929. Duk wannan gaskiya ne. Inda nake da ja shi ne baƙo kan fito yana zaton haka ƙaurar ta kasance ga kowa, alhali shekarar da iyayen Turnblad suka taso, yunwa ake yi a Suwidin, amfanin gona ya lalace a jere daga 1867 zuwa 1869. Mutum wajen miliyan 1.3 suka bar ƙasar tsakanin tsakiyar ƙarni na 19 da 1930, kuma abin da akasarinsu suka mallaka bai wuce akwatin katako guda ba, mai sunan mai shi a jiki, cike da tufafi da kayan aiki da littafin ibada. Wannan akwatin ya fi fadar cancantar tsakiyar zaure.

Za a ce ai gidan na jikokin masu ƙaurar ne, da kuɗinsu ake riƙe shi, sun zo ganin abin alfahari, me ya kawo tonon talauci? Ban raina wannan ba, don ba wanda ke biyan kuɗin ƙofa domin a ci masa fuska. Amma alfaharin kansa ba ya tsayuwa sai an ga ramin da aka fito. A St. Paul, maƙwabciyar Minneapolis, akwai wani kwari da ake kira Swede Hollow, inda sababbin zuwa suka zauna a bukkokin katako, babu famfo, ban-ɗakinsu a kan rafi. Bayansu Italiyawa suka gaji wurin, sannan 'yan Meziko, har hukuma ta ƙone shi a 1956. Jikan da ya san kakarsa daga can ta fito ta yi aikatau ta tarbiyyantar da 'ya'ya, shi ne ya san abin da yake taƙama da shi. Kada kuma a manta, kusan ɗaya cikin biyar na masu ƙaurar sun tattara sun koma gida.

Maganar da ta fi nauyi ta ƙasa ce. Wata dokar Amurka ta 1862 ta bai wa manomi eka 160 idan ya zauna ya noma shekara biyar, kuma irin wannan alkawari ya jawo ɗimbin 'yan Suwidin jihar Minnesota. A shekarar nan dai aka gwabza yaƙi da ƙabilar Dakota, aka rataye mutum 38 daga cikinsu a Mankato, a shekarar da ta biyo baya aka kore su daga jihar. Wani zai ce talakan da yunwa ta koro ba shi ya zartar da hukuncin ba, har ma akwai 'yan Suwidin cikin waɗanda aka kashe a yaƙin. Haka ne, ba ni kuma neman a ɗora masa laifin gwamnati. Abin da nake nema ɗan allo ne kusa da duk garmar da aka baje kolinta, mai faɗin gonar wa ta huɗa da kuma inda masu ita suka ƙare.