Malaman lissafi, ku daina sa yara haddar abin da ya kamata su auna

Malaman lissafi na sakandare a Kankia da Kusada, da ku nake. Akwai babi guda a manhajar manyan azuzuwa da kuke zalunta, wato babin tunani bisa hujja, inda ake koya wa yaro auna maganar da ke cewa "idan kaza ya tabbata, to kaza ma ya tabbata". Babin yana cikin abin da WAEC da NECO ke tambaya. Wasunku tsallake shi suke yi. Wasu kuma su zana jadawalin T da F a allo, layi huɗu, su ce a haddace, shi ke nan an gama. Yaro ya iya rera T, F, T, T ba tuntuɓe, amma da ka tambaye shi dalilin da ya sa layi na uku ya zama gaskiya sai ya yi zuru. Wannan ha'inci ne, kuma kun sani.

Ku gwada ɗalibanku gobe. Ku ce musu: idan siffa murabba'i ce, to gefunanta huɗu tsawonsu ɗaya. Za su amsa gaskiya ne. Sai ku juya maganar: idan siffa na da gefe huɗu masu tsawo ɗaya, to murabba'i ce. Ku ƙirga hannuwan da za su sake ɗagawa su ce gaskiya ne. Alhali kara huɗu daidai wa daida sun isa su ƙaryata wannan. A haɗa su da ƙaya a kusurwoyi, a ɗan tura gefe guda, siffar ta karkace, tsawon gefuna bai canja ba, kusurwa kuma ta daina zama digiri 90. Haka lamba 6 take rusa zancen cewa duk lambar da ta rabu da 2 tana rabuwa da 4. Haka idan x 3 ne, x² 9 ne, amma 9 ba ta tilasta x ya zama 3 ba, domin -3 na nan. Magana da juyinta abu biyu ne, kowanne da shari'arsa. Yaron da ya bar ajinku bai san wannan ba, me kuka ba shi?

Layin da ke rikita yara kuwa bai fi bayanin minti biyar ba. Uba ya ce wa ɗansa, idan ka ci jarrabawa zan saya maka keke. Yaushe uban ya saɓa alkawari? Sai in yaron ya ci, keken bai zo ba. In ya faɗi, ko an saya ko ba a saya ba, babu mai kiran uban maƙaryaci. Jadawalin ke nan gaba ɗayansa: maganar sharaɗi ba ta karyewa sai a wuri guda, inda farko ya tabbata ƙarshe ya ƙi.

Na san abin da za ku ce: aji ya cika maƙil, littattafai ba su isa ba, zango gajere ne. Duk ana fama da su, ban musa ba. Amma kara da ƙaya ba sai gwamnati ta kawo ba, kuma tambayar "wa zai kawo mini misali ɗaya da zai karya wannan magana?" ba ta cin ko sisin kwabo.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne ilimin nan ba baƙo ba ne a garuruwanmu. Malamin zaure ya daɗe yana koyar da cewa alwala sharaɗin sallah ce: in babu alwala babu sallah, amma samun alwala bai nuna an yi sallah ba. Yaron da ke zaune gabanku ya san wannan tun yana firamare. Abdurrahman al-Akhdari, malamin Aljeriya na ƙarni na 16 da ya rubuta Ahalarin da ake karantawa a kowace unguwa, shi ne kuma ya tsara Sullam a fannin manɗiƙi, kuma maganganun sharaɗi na cikin abin da littafin ya warware. Magini ma, idan zai fitar da kusurwar harsashin ɗaki, yakan ja igiya ya auna 3 da 4, ya duba ko tsakaninsu ya ba da 5. Juyin ƙa'idar Pythagoras yake aiki da shi. Juyin ya zo daidai a nan, amma Euclid, kusan shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, bai ɗauke shi kyauta ba. A ƙarshen littafinsa na farko ya kafa hujjar ƙa'idar a mas'ala ta 47, sannan ya kafa wa juyinta hujja daban a ta 48. Ku kuwa kuna barin yara su juya kowace magana yadda suka ga dama.

Akwai kuma ɗabi'ar kawo misali uku a allo a ce "kun ga, kullum haka yake". Ku ba ɗalibanku n² + n + 41, lissafin da ake jinginawa ga Euler. Daga 0 har 39, kowace lamba aka sa tana ba da lambar da ba ta rabuwa sai da 1 da kanta. Sau arba'in a jere. Da an sa 40 sai a samu 1681, wato 41 sau 41. Misali arba'in ba su tabbatar da maganar ba, guda ɗaya ya kayar da ita.

Kada ku ɗauka abin ya tsaya a takardar jarrabawa. Cikin yaran nan akwai masu nufin makarantar koyon aikin lafiya da ke nan Kankia, daga nan su koma asibitocin karkara. Mai zazzaɓin cizon sauro jikinsa kan yi zafi. Wanda ya saba juya magana ba tare da awo ba zai ɗauki duk zafin jiki a matsayin maleriya, ya miƙa magani, alhali taifod ko sanƙarau na cin yaron. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a gwada jini kafin a ba da maganin maleriya. Ma'aikacin da zai ga hikimar wannan umarni, ya bi shi ko babu mai dubansa, a ajinku ya kamata ya fara jin cewa juyin magana sai an bincika.

Shugabannin makarantu da jami'an duba aiki na shiyya, ku ma kuna da kaso. Kuna sa hannu a littafin darasi don kun ga an rubuta an koyar da babin. Ku shiga ajin SS2, ku rubuta maganar murabba'i da juyinta a allo, ku tambayi yara goma wacce ce gaskiya da dalili, sannan ku sa hannu.